Daga PostgreSQL 12 zuwa 17: me zan shirya kafin in taɓa sabar?

Tambaya: Assalamu alaikum. Muna da databes (rumbun ajiyar bayanai) na PostgreSQL 12 akan Ubuntu 18.04, girmansa wajen giga 80, manhajar wurin aikinmu gaba ɗaya akansa take. Oga yace in ɗaga shi zuwa 17 a wannan ƙarshen makon. Akwai kuma wani ƙaramin MySQL 5.7 a gefe shima ana so a taɓa shi. Dan Allah ta ina zan fara?

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ta inda zaka fara shine ka koma wajen ogan naka ka roƙe shi wannan ƙarshen makon ya zama na gwaji, aikin gaske kuma a sa masa rana bayan kunga sakamakon gwajin. Ina faɗa maka haka ne saboda shi ɗaga sigar kansa umarni ne biyu ko uku, wanda ya saba ko ido rufe zai buga su, inda mutane ke kwana ciki shine abubuwan da ke kewaye da databes ɗin waɗanda babu wanda ya rubuta su a ko'ina, direban da manhaja ke bi ta kansa ta haɗu da databes, wani aikin cron (mai tashi da kansa akan lokaci) da wani ya saka shekarun baya kuma ya bar wurin, ekstenshan (ƙarin kayan aikin da ake ɗora wa databes) da aka manta da shi, da bakap ɗin da kowa ya yarda akwai amma ba'a taɓa dawo dashi an gani da ido ba. Duk waɗannan basa fitowa sai kayi aikin gaba ɗaya akan kwafi, daga farko har ƙarshe, kana duba agogo. Ba'a fafe gora ranar tafiya.

Amma fa ogan naka yana da gaskiya da yake matsa maka. Masu PostgreSQL suna fitar da babbar siga ɗaya duk shekara, kowace kuma shekara 5 suke kula da ita, ita 12 an rufe littafinta tun Nuwamba 2024, yau ko an gano ɓaraka ta tsaro a cikinta babu mai toshe maka. Ita 17 ta fito Satumba 2024 kuma zasu riƙe ta har Nuwamba 2029, so zaɓin yayi. Ba sai ka bi 13, 14, 15, 16 ɗaya bayan ɗaya ba, tsalle ɗaya zaka yi. Abin da bazaka tsallake ba shine karatu, kowace siga a takardar bayanin fitowarta akwai wani sashe a sama da ke lissafa abubuwan da suka canza ta yadda zasu iya karya tsohon aiki, to na sigogi biyar ɗin nan duka zaka zauna ka karanta, da biro a hannu kana alama akan duk wanda ya shafe ku. Kuma ka ɗauki ƙaramar sigar gyara ta ƙarshe da ke akwai ta 17, wato lambar da ke bayan ɗigo, kar ka ɗauki 17.0. Misalin da yasa nake cewa haka, daga 14.0 zuwa 14.3 akwai wani kuskure da ke iya lalata indeks (jagoran neman layi da sauri a tebur) da aka gina da CREATE INDEX CONCURRENTLY, sai a 14.4 aka gyara shi a Yuni 2022.

Yau ɗin nan kafin komai, ka shiga psql, wurin buga umarni na PostgreSQL, ka buga \dx a cikin kowane databes kaga ekstenshan ɗin da ke ciki, ka buga \l kaga enkodin (yadda ake ajiye haruffa) da koleshan (ƙa'idar jera rubutu) na kowanne, ka buga \du kaga masu shiga, ka ajiye duk abin da suka nuna maka a fayil. Kowane ekstenshan sai ka tabbatar akwai fakejinsa na 17 akan sabuwar na'urar. In akwai PostGIS, ekstenshan na bayanan taswira, a ciki to shi aiki ne mai zaman kansa, yana da nasa jadawalin na wace siga tasa ke tafiya da wace siga ta PostgreSQL, ka duba shi tun da wuri. In akwai plpython2u, na rubuta fonkshin da Python 2, ka sani an cire shi tun 15, sai an maida fonkshin ɗin zuwa Python 3. Sannan ka kunna log_connections, wannan rilod kawai yake so ba sai ka kashe saba ba, ka barshi yana rubuta maka duk wanda ya haɗu da databes ɗin da adireshin da ya fito. Nan ne zaka sha mamaki. Kusan kullum sai ka samu wata na'ura da babu wanda ya ambace ta tana shigowa da tsakar dare tana kwasar rahoto. In da hali ka bar log ɗin ya ratsa ƙarshen wata, domin akwai ayyukan da sau ɗaya suke tashi a wata, irin na lissafi da biyan albashi, kuma su ne waɗanda in suka tsaya kowa zai ji a jikinsa.

Yanzu maganar bakap. Nasan zaka ce muna dashi. Tambayata ita ce yaushe rabon da wani ya ɗauke shi ya zuba a wata na'ura daban ya kunna manhaja akai? Ranar 31 ga Janairu 2017 wani injiniyan GitLab, kamfanin da ke ajiye wa masu rubuta manhaja aikinsu, ya goge foldar bayanan PostgreSQL akan babbar sabarsu a zaton yana kan ta biyu ne, da suka juya wajen bakap sai suka tarar wanda pg_dump, kayan kwasar bakap na PostgreSQL, ke yi babu komai a ciki, dalili kuwa shine pg_dump na siga 9.2 ne yake gudu alhali databes ɗin 9.6 ne, tsohon pg_dump kuma baya yarda ya kwashi sabar da ta fi shi siga, yana ta faɗuwa a ɓoye, imel ɗin da ya kamata ya sanar dasu shima baya isowa. Abin da ya cece su wani kwafi ne da aka ɗauka kimanin awa 6 kafin abin ya faru domin wani gwaji, bayanan awa 6 ɗin nan kuwa sun tafi. Su da kansu suka wallafa labarin dalla dalla. Ka lura da abin da ya kashe musu bakap, bambancin siga ne, wato daidai abin da kai kake shirin shigowa dashi gidanka. Don haka gwajin farko shine dawo da bakap ɗin jiya akan wata na'ura, kuma wannan kwafin shi zai zama filin gwajinka na sauran aikin.

To ga abin da yafi damuna a tambayarka, kuma baka ma tambaye shi ba, Ubuntu 18.04 ɗin nan. Ita ma kulawarta ta yau da kullum ta ƙare tun 2023, so ko kana so ko baka so zaka koma sabuwa, 22.04 ko 24.04. A nan akwai wani rami da ya cinye mutane da yawa. PostgreSQL in zai jera rubutu, wato ya san wace kalma ke gaban wace, ba shi ke yanke hukunci ba, laburaren tsarin ne mai suna glibc yake tambaya, in dai koleshan ɗinka irin su en_US.UTF-8 ne. A glibc 2.28 da ta fito 2018 an canza ƙa'idar jerin sosai. Ubuntu 18.04 tana kan 2.27, daga 20.04 zuwa sama duk sun haye. Zaka iya gani da idonka, ka buga wannan a tsohuwar na'ura sannan ka buga a sabuwa:

( echo "1-1"; echo "11" ) | LC_COLLATE=en_US.UTF-8 sort

A tsohuwar 11 ne zai fito a sama, a sabuwar 1-1 ne a sama. Kaga kamar ƙaramin abu ko? To indeks na rubutu an gina shi ne akan wancan tsohon jerin. In ka kwashi foldar bayanan yadda take ka kai sabuwar na'ura, ko ka ɗaga Ubuntu a wurin, indeks ɗin yana nan da tsohon jeri shi kuma databes yana nema da sabon jeri, sai ya bi hanyar da ba ita ba yace maka babu layin alhali layin yana nan zaune a tebur. Mafi muni shine indeks ɗin da ke hana maimaici, shima zai duba bai gani ba sai ya bari a saka imel ɗaya ko lambar rajista ɗaya sau biyu. Kuma babu wani kuskure da zai fito a allo, komai zai yi kamar lafiya, sai bayan makonni wani yazo yace asusunsa ya zama biyu, lokacin kuma gyaran ya zama na hannu, layi layi. Maganinsa shine duk indeks ɗin da ke kan rubutu a sake gina shi akan sabuwar na'urar kafin a buɗe wa mutane. In \l ya nuna maka koleshan ɗinka C ne ko POSIX to wannan bai shafe ka ba.

Wannan shi zai zaɓar maka hanya. Hanyoyin uku ne, pg_upgrade, ko pg_dump da pg_restore, ko kuma replikeshan na lojik, wato tsohuwar saba ta dinga tura wa sabuwa bayanai da duk canjinsu.

pg_upgrade shine mai sauri, musamman da --link, domin baya kwafar fayilolin bayanai, haɗa su kawai yake da sabon wurin, cikin mintuna an gama komai girman databes. Amma yana so tsohuwar siga da sabuwa su kasance akan na'ura ɗaya, baya sake gina indeks, kuma da --link da zarar ka kunna sabuwar to tsohuwar ta zama ba abin amincewa ba, hanyar komawa sai dai bakap. Ga wanda ke da terabayit da yawa na bayanai akan tsarin da bazai canza ba, shine daidai, kuma shima ya fara da --check wanda baya taɓa komai, faɗa maka kawai yake abin da zai hana aikin. Amma kai da zaka canza na'ura kuma giga 80 ne kawai, ni ban ga dalilin da zai kai ka can ba.

Shawarata a gare ka, sabuwar saba mai sabon Ubuntu da PostgreSQL 17, sannan pg_dump da pg_restore. Dalilina biyu ne. Na ɗaya, pg_restore yana gina kowane indeks daga tushe akan sabuwar na'urar, so maganar glibc ta mutu da kanta. Na biyu, tsohuwar sabar tana nan ba'a taɓa ko gashinta ba, in abu ya ƙi sai ka maida manhaja kanta kawai. Ka yi amfani da pg_dump na 17, wato ka gudu dashi daga sabuwar na'urar ya jawo daga tsohuwar, da -Fd da -j domin ya raba aikin gida gida, haka ma pg_restore ka bashi -j daidai da ƙarfin na'urar. Kar ka manta pg_dump baya ɗauko masu shiga da kalmomin sirrinsu, wannan sai pg_dumpall --globals-only, kuma shi zaka fara zubawa kafin sauran, in ba haka ba zaka ga kurakurai sun cika allo akan babu rol, wato mai shiga, mai suna kaza. A gwaji ka saka --exit-on-error, domin pg_restore in ka barshi haka zai ci karo da kuskure ya wuce abinsa sai a ƙarshe ya faɗa maka adadin waɗanda ya tsallake a layi ɗaya, kuma mutum a gajiye da dare ba lallai ya lura ba. Nawa zai ɗauka? Ya danganta da disk ɗinka da netwok da yawan indeks, mafi yawan lokacin ma a ginin indeks yake tafiya, shi yasa ake ɗaga maintenance_work_mem lokacin zubawar. Gwajin ne zai baka lambar, ita zaka kai wa oga, ka ƙara mata rabi a kai saboda abin da ba'a rasa ba.

In oga yaji lambar yace a'a bazamu iya rufe manhaja tsawon haka ba, sai ka koma hanya ta uku. Replikeshan na lojik yana nan tun siga 10 kuma yana aiki tsakanin sigogi daban daban, saɓanin wanda aka saba na striimin wanda dole sai siga ɗaya. Zaka zuba tsarin tebura kawai a sabuwar da pg_dump --schema-only, kayi CREATE PUBLICATION a tsohuwar, CREATE SUBSCRIPTION a sabuwar, ita kuma ta kwashe bayanan tana biye da duk canjin da ke faruwa har ranar da zaku juya, rufewar sai ta zama ta mintuna. Yana da daɗi amma yana da haƙora. Sai wal_level ya zama logical, wannan kuma sai an kashe tsohuwar an kunna. Duk teburin da bashi da babban maɓalli (primary key), da zarar ka saka shi a cikin abin da ake turawa, UPDATE da DELETE akansa zasu fara faɗuwa a tsohuwar sabar, wato wadda mutane ke aiki akai yanzu, so ka nemo irin waɗannan teburan tukuna ka basu maɓalli ko ka saita musu REPLICA IDENTITY FULL. Baya ɗauko canjin tsari, in wani ya ƙara kolum a tsohuwar ana cikin haka abin zai tsaya, dole ku hana masu rubuta manhaja taɓa tsari har a gama. Baya ɗauko manyan abubuwan da aka ajiye ta hanyar pg_largeobject. Sannan baya ɗauko sikwens, wato ma'aunin da ke bada lamba ta gaba, teburinka zai zo da layi miliyan amma sikwens ɗin yana kan 1, mutum na farko da zai saka sabon abu sai yaga duplicate key value violates unique constraint, don haka setval na kowane sikwens yana cikin aikin daren juyawa. Na ƙarshe kuma wanda yafi haɗari a 12, in sabuwar ta tsaya ko netwok ya yanke, tsohuwar zata cigaba da tara fayilolin WAL, inda take rubuta duk canjin da aka yi, tana jiranta, kuma saitin da ke sa wa wannan iyaka, max_slot_wal_keep_size, sai a 13 ya shigo, kai baka dashi, in baka sa ido ba disk zai cika databes ya faɗi. Shi yasa nace in za'a iya haƙuri da rufewar 'yan awanni da dare, ka ɗauki hanya mai sauƙin.

Sai saituna. Dan Allah kar ka kwafi tsohon postgresql.conf ka liƙa akan sabon. Saiti ɗaya da 17 bata sani ba ya isa ya hana ta tashi, kuma tsakanin 12 da 17 an cire da dama, wal_keep_segments ya koma wal_keep_size a 13, stats_temp_directory ya tafi a 15, promote_trigger_file da vacuum_defer_cleanup_age sun tafi a 16, old_snapshot_threshold ya tafi a 17. Ka tambayi pg_settings ya nuna maka waɗanda kuka canza daga asali, ka duba postgresql.auto.conf shima domin nan ALTER SYSTEM ke ɓoye nasa, sai ka ɗauke su ɗaya ɗaya kana tambayar kanka ko har yanzu akwai dalilinsu. Ka duba enkodin na sabon kulasta, wato PostgreSQL ɗin da ka kafa a sabuwar na'urar, tun kafin ka zuba komai, sabuwar na'urar da ba'a saita mata lokal ba tana iya baka SQL_ASCII a maimakon UTF8, haka ma timezone, daga na'urar yake ɗauka ranar da aka kafa shi, in ya bambanta da na tsohuwar rahotanninku na kullum zasu goce da awanni. Wani abu kuma na Ubuntu, in ka saka siga biyu a na'ura ɗaya ta biyun akan 5433 take zama ba 5432 ba, pg_lsclusters zai nuna maka.

Kalmar sirri ita ce ke yawan hana manhaja shiga a daren farko. Daga 14 asalin hanyar ajiye ta ya koma scram-sha-256, ku kuma mai yiwuwa naku duk md5 ne. Waɗanda ka zubo daga tsohuwar zasu zo a md5 ɗinsu, in pg_hba.conf, fayil ɗin ƙa'idar shiga, na sabuwar yace scram-sha-256 to bazai karɓe su ba ko da kalmar daidai ce. In ka rubuta md5 a pg_hba.conf yana karɓar duka biyun, so ka fara da haka, daga baya a natse ku sake saita kalmomin ku koma scram. Amma kafin ku koma ka duba direbobi, libpq da bai kai 10 ba baya jin scram, JDBC da bai kai 42.2.0 ba shima haka, in akwai PgBouncer, mai tattara haɗin manhaja da databes, a tsakani shima a duba sigarsa. Akwai kuma canjin 15 na skima public, wato wurin da tebura ke zama in ba'a faɗi wani wurin ba, yanzu ba kowa ke iya ƙirƙirar tebur a cikinta ba. Databes ɗin da ka zubo daga bakap zai riƙe izininsa na da, amma duk sabon da aka ƙirƙira daga baya, misali in manhajarku na buɗe wa kowane kwastoma nasa ko masu gwaji na ƙirƙirar nasu, zasu fara ganin permission denied for schema public.

Bayan ka gama zubawa a gwaji, kafin ka yanke hukuncin ko 17 tana da sauri ko bata da, ka gudu da vacuumdb --all --analyze-in-stages. Ƙididdigar da mai tsara kweri (tambayar da ake tura wa databes) ke dogaro da ita bata biyo bayanan zuwa 17, ko ta pg_dump ko ta pg_upgrade, in babu ita zai dinga karanta tebur gaba ɗaya akan abin da indeks zai bashi nan take, sabar ta ɗau zafi, kowa yace sabuwar siga ce bata da kyau. Wallahi wannan layin guda ɗaya ya isa ya raba daren lafiya da daren tashin hankali, ka rubuta shi da manyan baƙi a takardarka. Sannan ka ɗauko kweri 20 ko 30 da suka fi cin lokaci a tsohuwar daga pg_stat_statements, in baku dashi ka duba log na masu jinkiri, ka gudu dasu a duka biyun da EXPLAIN ANALYZE ka kwatanta. Yawanci zasu yi daidai ko su fi sauri, amma ana samun ɗaya ko biyu da tsarinsu ke juyewa, gara ka gansu yanzu kana da lokacin ƙara indeks. Ka haɗa kwafin manhajar da wannan databes na gwaji ka zaunar da waɗanda ke aiki da ita kullum su latsa abin da suka saba latsawa, su fitar da rahoton wata, su suka san inda lamba take zama in ta goce. Ka tabbatar dai kwafin manhajar baya tura wa mutanen gaske imel ko saƙo. Allon sa ido naku ma a gwada shi, domin sunaye sun canza, total_time na pg_stat_statements ya koma total_exec_time tun 13, wasu kolum na pg_stat_bgwriter kuma sun koma pg_stat_checkpointer a 17.

Duk umarnin da ka buga a gwajin ka rubuta shi a fayil ɗaya yadda yake, da lokacin da ya ɗauka, da abin da ya kamata ka gani in yayi daidai. Sai ka goge komai ka sake yi daga fayil ɗin kawai, ba daga ƙwaƙwalwa ba, in da hali ma wani abokin aikinka ne zai bi takardar kai kana kallo, duk inda ya tsaya yana tambayarka to wurin akwai gyara. Daren aikin gaske ba lokacin tunani bane, kwafa da liƙawa kawai ya kamata ya rage maka.

A cikin takardar dole akwai layin da ke cewa daga nan babu komawa, kuma kai da oga ku yarda dashi tun da rana. Jerin daren kusan haka yake, a rufe manhaja, a tsaida duk cron, a toshe tsohuwar sabar a pg_hba.conf ta yadda babu mai shiga sai kai, a duba pg_stat_activity a tabbatar babu kowa, sannan a fara kwasa. Toshewar nan kar ka raina ta, in wata na'ura ɗaya ta cigaba da rubutu a tsohuwar bayan kun kwashe, bayananku sun rabu gida biyu kenan kuma haɗa su wahala ce babba. Bayan an zuba anyi analayiz da vacuumdb ɗin nan, ka ƙirga layukan manyan tebura a duka biyun, ka haɗa jimlar kolum na kuɗi in akwai, ka duba lamba ta ƙarshe a teburan da aka fi rubutu, su zo daidai. Har zuwa nan komawa baya kyauta ce, ka buɗe tsohuwar ka maida adireshi shikenan. Amma daga lokacin da ka buɗe wa mutane suka fara rubutu a 17, tsohuwar ta zama ta jiya, in ka koma mata duk abin da aka shigar a tsakani sai an bi shi da hannu. So ku sa lokaci, misali in ƙarfe kaza tayi bamu kai mataki kaza ba zamu fasa mu koma, kuma a san mutum ɗaya da zai ce a fasa. Fasawa a sake wani makon ba faɗuwa bace, ni na fi girmama wanda ya fasa akan lokaci akan wanda ya dage har gari ya waye masa ma'aikata sun zo babu manhaja. In da suna kuke haɗuwa da sabar ba lambar adireshi ba, ka rage TTL na DNS, wato tsawon lokacin da na'urori ke riƙe tsohon adireshin sunan, kwana ɗaya ko biyu kafin ranar.

Da zarar an buɗe, kafin ka tafi barci ka ɗauki cikakken bakap na sabuwar, ka tabbatar aikin bakap na kullum yana nuni ga sabuwar sabar kuma da kayan aikin 17 yake gudu, ka jira na farko ya kammala ka dawo dashi a wani wuri ka gani. Tsofaffin bakap na pg_basebackup da fayilolin WAL ɗinsu 12 kawai ke iya karanta su, so in doka ko tsarin wurinku na so a ajiye su, ka ajiye fakejin 12 tare dasu. In kuna da saba ta biyu mai bin babbar, sabuwa zaka gina mata daga 17. In cikin rubutun bakap ɗinku akwai pg_start_backup, sunan ya koma pg_backup_start tun 15. Safiyar farko ka zauna kusa da log, sabar zata ɗan yi nauyi kafin bayanan da aka fi nema su hau memori, wannan ba matsala bace. Tsohuwar kuma ka barta a kashe amma kar a goge ta sai an wuce ƙarshen wata ɗaya lafiya.

Shi kuma MySQL 5.7 ɗin, kar ka haɗa shi dare ɗaya da wannan, ka bashi nasa makon. Kulawarsa ta ƙare Oktoba 2023, kuma shi baya tsalle, in 8.4 kake so sai ka bi ta 8.0 tukuna, kuma in ka hau 8.0 babu saukowa 5.7 sai ta bakap. Ka saka MySQL Shell ka gudu da util.checkForServerUpgrade akan kwafi, zai lissafa maka abin da zai karye. Waɗanda na fi gani sune kolum ko tebur masu suna rank ko groups ko system domin sun zama keɓaɓɓun kalmomi a 8.0, saitunan query_cache da suka rage a my.cnf waɗanda zasu hana shi tashi tunda an cire abin gaba ɗaya, GROUP BY da ya daina jera sakamako da kansa, da kuma caching_sha2_password wanda tsofaffin direbobin PHP basa ganewa, a 8.4 kuma mysql_native_password a kashe yake zuwa sai ka kunna shi da hannu.